Walƙiya Cikin Baho

Ƙarfe goma na dare, Vladivostok ta yi tsit.
Ƙanƙara ta ɗaure bakin teku,
jiragen kamun kifi sun jingina da juna
kamar tsofaffi a layin fansho.
Ni kuwa ina ɗakin ƙasa, safar roba har gwiwar hannu,
ina rataye ƙusa a cikin ruwa.

Ta titaniyam ce, tsawon ɗan yatsa.
Ruwan yana da santsin sabulu
da kaifin da ke cin fata.
Na ja ƙyauren kariya, na murɗa lantarki,
allurar mita ta miƙe tana hawa.

Ɗari, ba komai sai kumfa.
Ɗari biyu, ƙusa ta dushe, ta yi toka-toka.
Ɗari uku da 'yan kai, kashe fitila ka gani!
Taurari ne mitsi-mitsi, farare, masu gudu,
dubu su fito, dubu su mutu kafin ƙiftawa.

An ce wuta da ruwa ba sa kwana ɗaki guda.
Mai wannan magana bai leƙo nan ba.

Yefim Lukich ne ya koya mini,
shekara talatin da ɗaya yana gadin wannan baho.
Ya ce, "Rimma, mu ba fenti muke shafawa ba.
Fenti baƙo ne, ya kwana biyu ya yi sallama.
Nan ƙarfen da kansa ke ƙonewa,
ya narke a wuri kamar tsinin allura,
ruwa ya kashe shi nan take,
tabon ya daskare ya zama tangaran.
Tabo a kan tabo har a sami riga
da ba ta kai kaurin gashin kai ba,
amma zarto ya bi ta kanta ya koma da kunya."

Bai taɓa yarda da mita ba, da kunne yake aiki.
In baho na tsuwa a hankali, kamar mai a kasko, lafiya lau.
In ya soma ƙas-ƙas, tartsatsi ya yi ja, ya yi nauyin tafiya,
sauke wuta, yarinya, kafin riga ta zama gari!
Watana na farko na ƙona goma sha bakwai.
Ya jera su a taga, bai ce uffan ba.
Suna nan har yau suna harara ta.

Bara kunnen ya tafi.
Sai ya koma dafa bututun sanyaya ruwa,
yana sauraro da ƙashi.
Makon jiya ƙashin ma ya ci amanarsa:
ya zame a gangaren gidansu, ƙugu ya karye,
burodin da ya sayo ya riga shi isa ƙasan tudu.

Na san ba wannan ƙusar za a sa masa ba.
Tasa ta zo cikin leda, da hatimin wata masana'anta,
tawa kuwa ɗakin gwaji za ta, a lanƙwasa ta, a karya.
Duk da haka minti goma sha biyu na yi a tsaye,
shayina ya huce, ban waiwaya ba.

Gobe a madubin ƙara girma za a ga ramuka,
ƙananan bakunan da walƙiya ta bari a buɗe.
A nan ƙashi ke cusa yatsu ya kama, in ji likitoci.
Abu mai sulɓi, jiki ba ya riƙe shi.

Sauti ya soma sauyawa. Na sauke wuta.
Taurari suka ɗauke, baho ya koma baho.
Na ciro ta fara-fara, da kaushin harshen kyanwa,
na ɗauraye, na sa lamba a littafi.
Na ɗauki waya, na tuna ba zai ji ba,
sai na rubuta masa: "Ba ta ƙone ba."

Uku saura kwata amsa ta shigo:
"Da kunne ko da mita?"