Dawowar Wuta

Daren jiya sama ta tsage a kan Aboabo.
Walƙiya ta bi rufin kwano ɗaya bayan ɗaya
kamar mai neman ɓatacciyar akuya da tocila,
sai aradu ta faɗi can wajen Asawase,
taransifoma ta yi tari sau biyu, ta yi shiru.

Ni kuwa ina kwance ina lissafi.
Allah ya yafe mini,
kowace tsawa a kunnena
ƙarar sidi ce tana faɗawa gwangwani.

Kafin mai koko ta sauke tukunya a bakin masallaci
wayata ta yi kuka sau bakwai.
Munkaila, zo. Munkaila, esi ya mutu.
Munkaila, jiya fa lafiyarsa ƙalau.
Haka ake faɗa a kowane gidan makoki.

Na ɗaure tsani a bayan babur,
na ratsa kwatar da ta cika ta tumbatsa da ledoji,
na fara da gidan Hajiya Zeliya,
wadda ɗanta ya tsinci tumatir damina biyu a Italiya
don ta riƙa barci ba zufa.

Na kwance noti huɗu, na ɗaga murfi.
Ƙauri ya gaishe ni, irin na gashin da ya taɓa fitila.
Kafasita ta kumbura kamar ƙosai.
A kan koren allon nan mai siraran hanyoyi
ga baƙin tabo, bai fi ƙwayar gyaɗa ba,
amma duk sanyin gidan nan ta nan ya fice.
Kwamfuresa na taɓa shi, ko gezau.

Ta ce, aradu ce ko?
Na ce, Hajiya, da aka ɗauke wuta kin kashe daga bango?
Ta ce, wa zai tashi cikin wannan duhu?

Ban tuna mata ba
da ɗan akwatin kariya na sidi ɗari biyu
da ta ce a bari sai wata ya kama.
Wata tara ke nan suna kamawa.

Abin da na koya a saman tsani shi ne:
ba tafiyar wuta ke kisa ba,
dawowarta ce.
Takan zo a guje, gaba ɗaya, ba sallama,
kamar jama'ar Kejetia in an buɗe ƙofa,
sai siririyar waya ta tarbe ta ita kaɗai.

Innata ta jure shekara shida
Sahabi yana Libiya, ba murya, ba wasiƙa.
Ta ci, ta sha, ta sayar da wake da shinkafarta.
Ranar da ya tsaya a ƙofa da jaka ɗaya, ba sanarwa,
sai ta zauna a ƙasa, ludayi a hannu,
gefen damanta bai sake tashi ba.
Likitan Komfo Anokye ya kira sunan ciwon da Turanci.
Ni na san ƙaurin.

Shi ya sa nake ce wa mutane,
in ta dawo, ku bar ta ta zauna tukuna,
ta sha ruwa, ta huce,
minti biyar, kafin ku buɗe mata ɗaki.

Hajiya ta jawo mafici daga ƙarƙashin gado,
ta kaɗe masa ƙurar shekara guda.
Ta ce, kada ka gaya wa yaron.
Nawa ne?
Na faɗi rabin kuɗin. Ta san rabi ne.

Na naɗe allon a baƙar leda,
zan kai Alabar ko Kwaku Boadu yana da irinsa.
Gida shida na jira,
ga hadari ya sake haɗowa ta gabas.
Har na tayar da babur na ji ta daga taga:
Munkaila, dawo ka nuna mini inda ake kashewar.