Fata Biyu

Fatar jar akuya dubu biyu
na ɗora a mota daga Ƙofar Wambai
tun watan Rajab.
Yau Zulƙida ya raba tsakiya,
babu kuɗi, sai saƙon Anselmo a waya,
kalma ɗaya tak: espera.

Na kai wa Malam Nafi'u,
wanda ya yi shekara shida a Kuba yana karatun dabbobi,
yanzu yake sayar da maganin kaji a Fagge.
Ya gyara tabarau ya ce,
"Cewa ya yi ka jira."
Na ce wannan ai ko ba fassara na sani.

Ya jawo bayan rasit ya rubuta esper.
Ya ce wannan turke ne, ba ya motsi,
igiyar ce ake sauyawa.
Mu a gaba muke rataya lokaci,
na jira, ina jira, zan jira,
kamar mai talla da muryarsa ke riga shi shiga lungu.
Su kuwa a wutsiya suke ɗaura shi.
Sai kalma ta wuce ka leƙa bayanta
kafin ka san ko jiya ce ko gobe.

Espero, ni.
Esperas, kai.
Espera, shi,
wato Sallau majemi da ya ba ni kaya bashi,
yake zama bakin shagona tun hantsi,
ba ya cewa uffan, sai jan carbi.
Esperamos, ni da shi da yaran shago uku,
da Kubura a gida, wadda ta daina tambaya.
Esperáis, Malam ya ce a Kuba ba a faɗar ta,
amma in riƙe, tunda bashina a Sifaniya yake.
Esperan, mai haya da masu kuɗin makaranta.

Jiyarsu kashi biyu ce.
Esperé, jiran da aka naɗe tabarmarsa,
irin daren da na tsaya a barandar Asibitin Murtala
har ungozoma ta fito ta ce mace ce.
Esperaba, jiran da ba shi da baki,
irin wanda nake yi wa Baba ina yaro,
kullum magariba, a kan dakali,
in ji ƙarar kekensa tun daga kwana.
Na ce nawa fa, wanne ne a ciki?
Ya ce naka bai zama jiya ba tukuna.

Esperaré, zan jira.
Ya ce in danna ƙarshenta.
Na ce ko ban danna ba tana da nauyi.
Esperaría, da na jira,
da na karɓi rabi kafin mota ta tashi.
Da-na-sani ƙeya ce,
su ma a baya suka manna ta.

Sai ya ce akwai ɗakin da harafi ke sauya riga,
a ta koma e: espere, esperes, esperemos.
Nan ake ajiye abin da bai zo hannu ba.
Ƙofar ɗakin sunanta ojalá.
Na ce maimaita.
Ya maimaita, na ji ƙamshin Larabci,
kamar an ce in Allah ya so
da bakin da ya daɗe a tafiya.

Har na miƙe ya riƙo hannun rigata.
Ya ce na manta, kalmar kaya biyu ta ɗauko:
jira ce, kuma fata ce.
Na yi dariyar da rabona da ita tun Rajab.
Mu ma ai haka tamu take,
fata a bayan akuya, fata a cikin ƙirji,
na aika ɗaya, aka bar ni da ɗaya.

A shago, da ɗan yatsan da rini ya ci,
na rubuta wa Anselmo: espero.
Ya zaɓi wadda ya ga dama.
Alamar nan biyu ta koma shuɗiya.
Shiru.

Sallau ya ɗago kai ya ce, "Yaya?"
Na ce, "Esperamos."
Ya ce, "Amin."