Bakin Daɓe

Falalen dutse arba'in da biyu
muka shimfiɗa a bayan gida, ni da surukina Gethin.
Ranar Asabar ya karkaɗe hannu ya ce an gama,
ya ja motarsa ya koma Halifax.
An gama?
Riga ce da ba a kalmashe bakinta ba.

A nan Todmorden ruwan sama ba baƙo ba ne,
ɗan gida ne, ya san inda ake ajiye komai.
Bar masa gefe a buɗe
ya bi ta ƙarƙashi yana satar yashi kaɗan-kaɗan,
kafin hunturu biyu dutsen ƙarshe ya fara girgiɗi
kamar haƙorin jikata Bryony.

Litinin na fito da igiya da turaku biyu.
Shekara talatin na tuƙa bas a hanyar Burnley,
na san aikin bakin titi:
ba ya magana, ba a gode masa,
amma shi ke tsakaninka da kwari.

Jan bulo na samo, tsofaffi,
daga masaƙar da aka rushe a gindin tudu,
wadda ƙarar injinanta ta cinye wa innata kunne.
Wasu har yau da baƙin hayaƙi a kumatu.
Ban wanke ba.

Yashi huɗu, siminti ɗaya,
ruwa daidai yadda zai dunƙule a hannu.
Na durƙusa a kan tsohon matashin kujera,
gwiwar hagu tana faɗa mini shekaruna.
Ɗora, danna, ƙwanƙwasa da gudumar roba,
duba kumfar ma'auni ko ta zauna tsakiya,
sannan a karkata shi ƙiris,
ƙiris ɗin da ido ba ya gani amma ruwa ya sani,
don ya gangara wajen ciyawa, ya bar mini bangon kicin.

Wilf Ackroyd ya leƙo ta saman shinge
da kofin shayi da shawarar da ba a tambaya ba.
Ya ce layina ya karkace.
Na ce gidan ne ya karkace, tun kafin a haife mu,
ni dai na bi shi ne.
Ya yi shiru. Can sai ga cokalin gininsa ta tsakanin katako,
ƙarami, mai siririn baki, ƙotar ta sha hannu har tana ƙyalli.

Magariba ta same ni saura bulo uku.
Na rufe da leda, na shiga ciki.

Da safe iska ta yaye ledar,
ga sawu a kan ɗanyen siminti,
ƙanana, yatsu biyar-biyar,
sun hau, sun yi jim, sun sauka ta kusurwar bishiyar tuffa.
Bushiya ce.
Ashe hanyarta na shimfiɗa wa dutse,
ita da ta riga takardar gidan nan zama.

Na ɗaga cokali zan shafe.
Na ajiye.
Bulon kusurwa na cire, na bar mata ƙofa faɗin tafin hannu.
Gethin zai ce mantuwa na yi. Ya ce.

Sauran aikin na tsintsiya ne:
busasshen yashi a watsa, a share, a sake sharewa,
har kowace tsaga ta ƙoshi ta daina karɓa.
Tsuntsu mai jan ƙirji yana bina a baya
yana duba ko na tono masa tana.

La'asar na fito da kujera ɗaya,
na dasa ƙafafunta huɗu, ba wadda ta yi gardama.
Yayyafi ya fara.
Ban tashi ba.
Ina so in ga ta inda ruwan zai bi.