Fitilar Matakala

Gidan Albano na kan tudu a Porto,
inda layi ke gangarawa kogi kamar ana korar sa.
Hawa uku, bangon dutse, danshi har cikin ƙashi.
Ya kira ni da sassafe: Graciete,
fitilar matakala ta sake yin yaji.

Na zo da jakar ubana,
filaya, tasta, baƙin tef,
da sukuddireban da tafin hannunsa ya cinye wa mariƙi.

Ƙwan lafiyarsa lau.
Na sa sabo duk da haka,
don tsoho ya ga an taɓa wani abu.
Na danna makunnin ƙasa: tas!
Gida duka ya rufe ido.
Firji ya haɗiye nishinsa,
rediyo ya yi shiru ana tsakiyar faɗin sakamakon ƙwallo.

Akwatin fis na bayan ƙofar kicin,
farin tangaran, sa'an kakata.
Wani ya taɓa ɗaure shi da tagulla mai kauri,
maganin da ya fi ciwon haɗari.
Ba ni ba ne, in ji Albano,
tun ban tambaya ba.

Ubana yakan ce waya ba ta ƙarya,
gaggawa ce kawai ba ta so.
Raba ta biyu, ki tambayi kowane rabi.
Wanda ya yi miki inda-inda, ki sake raba shi.

Na raba. Kicin ya wanke kansa.
Ɗakin kwana ya fita.
Na hau cikin rufi da tocila a baki:
kashin tattabaru, saƙar gizo, jaridar da ta girme ni,
wayoyi sanye da rigar ƙyalle
wadda in ka taɓa sai ta zube kamar toka.
Na canza biyu a can.
Ba su na zo nema ba,
amma wa zai ga kunama a ɗaki ya ce ba ranarta ba ce?

Mita ta ce laifin na tsakanin makunnin sama da na ƙasa.
Taku tara na bango.
Na bi da tafin hannu, ina ƙwanƙwasa, ina saurare,
har inda filasta ta yi duhu kamar tabon shayi,
daidai bayan wani hoto.

Mace cikin farin lullubi,
namiji da gashi cike da kai,
ƙofar coci, yayyafi a kafaɗunsu.
Na sauke su a hankali.

Ƙusa.
Doguwa, ta ci tsatsa,
ta shige waya kamar ƙaya a diddige.
Shekara hamsin da ɗaya tana gugar tagulla,
sai bana da rufi ya fara yoyo
ruwa ya gangaro ya ƙarasa abin da guduma ta fara.

Albano ya zauna a matakala ta huɗu.
Odete ce ta riƙe hoton, ya ce,
ni na buga.
Ta ce in matsa hagu kaɗan.
Ban matsa ba.

Hanya mai sauƙi: a zare ƙusa, a fasa bango, a ɗinke.
Na dubi agogo. Na dube shi.
Na kashe tsohuwar wayar baki da baki,
na ja sabuwa ta gindin katakon bene,
ta zagaye hoton daga nesa
kamar mai kauce wa suruki a hanya.
Ƙarin mita shida.
Ban sa a takarda ba.

Na mayar da su kan ƙusarsu.
Danna, na ce.
Ya danna da yatsa mai rawa.
Haske ya sauko matakala ɗaya bayan ɗaya,
ya tsaya a farin lullubin.

Ya daɗe yana kallo.
Sannan ya share maƙogwaro:
famfon banɗaki ma yana ɗiga,
tagar sama kuma ta kumbura, ba ta rufuwa.

A fara kiran mai gyaran rufi, na ce,
ina naɗe ragowar waya a gwiwar hannu.
Famfo sai Talata.