Hancin Mai Lambu

Ruwan fari ya sauka daren Laraba.
Ban ji shi a kan kwano ba, barci ya riga ya sace ni.
Hancina ne ya kawo labari da asuba,
atishawa bakwai a jere
kafin ladan ya kai ƙarshen kira.
Tasalla ta yi mini addu'a sau uku,
a ta huɗu ta ja bargo:
"Wannan kuma mura ce, ka ji da abinka."

Ba mura ba ce.
Na san ta, ta san ni,
shekara goma sha tara muna gaisawa a wata ɗaya.

Na buɗe ƙofa.
Duwatsun Shere sun yi wanka,
sun zauna suna shanya baya.
Ƙasa na ƙamshin sabon tulu.
Fikafikan shinge sun rufe dokin ƙofa,
kaji na biki babu gayyata,
kwaɗin kududdufin kuza, da suka yi wata biyar suna gaba da mu,
duk sun dawo da magana lokaci guda.

Ni kuwa mai sayar da dashen fure ne
a bakin hanyar Lamingo.
Kakana ya yi wa Turawan kuza ban-ruwa,
ya bar mana almakashi da hannu mai albarka.
Hancin nan ban san inda na gado shi ba.
Masunci ne ni da ruwa ke sa wa ƙaiƙayi,
abokai sun yi dariyar har ta tsufa.

Ga ƙudan zuma nan
ya fito daga cikin fure da wandon rawaya,
ya yi dumu-dumu da garin da ke kayar da ni,
ko tari bai yi ba.

Idona ja kamar gauta.
Wata hajiya ta tsaya sayen dashe,
ta dube ni, ta sassauta murya:
"Malam, rasuwa aka yi?"
Na ce a'a, ranki ya daɗe, damina aka haifa.

Davou mai kemis ya ba ni ƙwaya
'yar mitsitsiya, kamar a ɓatar a cikin acca.
Na sha da hantsi, na jingina da itacen turare,
ban farka ba sai la'asar,
akuyar wani ta cinye mini ribar mako.
Yanzu sai dare nake sha.

Ngo Chundung mai gwate ta ce citta da kanumfari,
zuma cokali guda, sannan sirace.
Ina yi.
Ina ɗaura takunkumi kafin in taɓa ciyawa,
in na dawo gida rigar aiki a zaure take kwana,
in wanke fuska har cikin gira,
taga a rufe sai rana ta yi tsaka.
Wani abu yana ragewa. Ba duka ba.
Kowa ya ci zomo ya ci gudu,
ni dai nawa gudun da hanci nake yin sa.

Amma ku zo Jos a wannan makon
ku ga yadda tudu ke tsiro kore kamar gemun saurayi,
yadda hazo ke sauka ya sha shayi da mu a Farar Gada,
yadda masu dankali ke duban sama
suna murmushi kamar an biya su bashi.

Jiya da yamma autata Barmani
ta tsinko wani farin fure, jiƙe da yayyafi,
ta miƙo da hannu biyu.
"Baba, shinshina."

Na san farashinsa.
Na san daren da zan yi a zaune.

Na sauke takunkumin.

Daga cikin gida na ji Tasalla ta fara ƙirga.