Bencin Talata

Shekara sha ɗaya ina aikin jinya
a Rijiyar Lemo, bayan tashar mota.
Na iya allura, na iya ɗinkin rauni,
amma Zabarmanci ya gagare ni,
Buzanci kuwa ko gaisuwa ban kama ba.

Ran Talata Furera ta shigo dafe da mara,
Hausarta ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba.
Ɗanta Saini, mai shekara tara, shi ne tafinta.
Na ce, "Tambaye ta yaushe jinin ya fara."
Yaro ya sunkuya yana kallon silifas ɗinsa,
can ya ce, "Wai kanta ke ciwo."
Wace uwa ce za ta aiki ɗanta da wannan saƙo?
Na rubuta abin da ido ya gani,
saura na bar wa Allah da gwajin da ba ta da kuɗinsa.

Agali maigadi ne a Sharaɗa.
Suga ya cinye masa babban yatsa har ya yi baƙi.
Da na miƙa hannu karɓar kati sai ya ja baya,
ya zaci takardar ƙasa nake nema.
Likita ya ce kwanciya. Ya gyara amawali:
"Wa zai tsare ƙofa? In na yi kwana uku nan
wani zan tarar a kan tabarmata."
A layin adireshi na sa: ƙofar gidan wani.
Lambar wayar ta ubangida ce, ba ya ɗauka.

Ana cewa ba sa zuwa sai tura ta kai bango.
Ni na ga lissafin: hawa biyu na ɗan sahu,
layi tun assalatu, yini guda ba a nema ba,
tukunyar dare ba a ɗora ba.
Ga mai kemis a bakin lungu, yana ba da bashi,
in kuɗin ƙwaya biyu gare ka, biyu zai ɓallo maka.

Yanzu akwai ɗan littafi a aljihun farar rigata.
Iya mai shara ke koya mini bayan la'asar:
kalmar jini, kalmar zafi, da "kada ki ji tsoro".
Na haddace sha bakwai.
Furera ba ta dawo ba.
Duk Talata sai na leƙa bencin nan.