Kwana Biyu a Bakin Galma

Ɗalhatu ya turo hoto daga Italiya,
wani birni da ruwa ya gaje tituna,
ƙofar gida na kallon kwalekwale
yadda tamu ke kallon kwata.
Lantana ta karɓi wayar, ta daɗe shiru,
sannan ta ce, "Mu fa, Malam Tanimu?
Shekara ashirin da ɗaya, iyakarmu Kwangila."

Na zazzage aljihu a kan tabarma:
dubu goma sha ɗaya, da wata ɗari biyu mai faci.
Mai kemis ɗin da nake tsaro
ya ba ni Talata da Laraba.
To, ga abin da na koyo,
ko wani mai ƙaramin aljihu zai ƙaru.

Kada ka fita ranar da kowa ke fita.
Asabar ta san darajar kanta.
Talata ba ta da baƙi,
abin da ka taya, da shi za ta sallama.

Mai adaidaita a Tudun Wada ya ce dubu uku, Dakace.
Na ce ba shatar jirgin sama na zo ba.
Muka taka sayyada har Kongo,
muka shiga ta haya, mu huɗu a baya,
gwiwar wani a haƙarƙarina.
Matsi ba ya kisa, shata ke yi.

Ɗauki guzurinka daga gida.
Dambu da zogale a kula, ƙuli a leda,
ruwan randa a gora.
Mai ƙoshi kaɗai ke iya wuce mai tsire
ya gaishe shi ba rawar murya.

Masauki kuwa,
kowa na da wata gwaggo a bakin ruwa.
Tawa Gwaggo Kulu.
Kuɗin ɗaki: goron ɗari biyar, sandar sabulu,
da haƙurin jin tarihin ciwon gwiwarta
har sha ɗayan dare.

Da safe muka gangara fadama.
Ashe mu ma muna da namu birnin:
manoma sun yanka wa ruwa tituna,
yana bi layi-layi tsakanin albasa da tumatir,
inji na tari, yaro na buɗe masa hanya da fartanya
kamar ɗan sanda a mararraba.
Kallo kyauta ne. Mun yi har ya ishe mu.

Mudi mai fito na jingine da gorarsa.
A nan ka kama bakinka:
kada ka ce yawon buɗe ido ya kawo ka,
kalmar nan ninka farashi take.
Ce masa tsallakawa za ka yi.
Ɗari bibbiyu.

Babu kujera mai ado, babu mai rera baiti.
Buhun taki biyu, akuya ɗaya,
da gwangwanin kwarfe ruwan da ke tsattsafowa.
A tsakiyar kogi jirgin ya yi layi,
Lantana ta damƙi hannuna,
damƙar da na manta akwai irinta,
ba ta saki ba har gaɓa.
A wannan layin ne takalminta na hagu ya faɗa.
Muka bi shi da ido, yana tafiya a natse,
shi kaɗai cikinmu zai ga inda Galma ta nufa.

Silifa sabo, dubu ɗaya da ɗari takwas.
Shi ne kashi mafi tsoka a duk tafiyar.
Don haka ware wani abu saboda abin da ruwa zai ci.

Tsaraba: rake sanda uku, kyautar Mudi,
albasa rabin kwando a farashin bakin gona.

Daren Laraba na yi lissafi a bayan takardar magani,
saura dubu huɗu da ɗari biyun nan mai faci,
ba wanda ya yarda ya karɓe ta.
Na tura wa Ɗalhatu hotonmu,
Lantana ƙafa ɗaya ba takalmi, tana dariya,
akuyar ta leƙo ta kafaɗata.

Sai can wajen asuba ya amsa.
Bai ce komai kan kogin ba.
Ya ce, "Raken nan,
har yanzu yana da zaƙin da na sani?"